Wanda Ya Cinye Littafin Hedimasta

Ranar Talata da ƙarfe tara da 'yan mintuna muka ji ihun Mai Shago, mai wurin buga takardu, daga ƙasa. Ina zaune a kan kujerata ta roba a ƙofar shagon 'yata, a saman bene, ina shan shayi. Na ɗauka na'urar hoton takardu ce ta sake datse masa yatsa, don haka ko motsi ban yi ba. Sai da na ji kukan mace na ajiye kofin.

Kada ku ɗauka wani masanin kwamfuta ne ke ba ku labari. Makanike ne ni, shekara arba'in na yi a kwance ƙarƙashin motocin mutane. Da gwiwa ta ƙi, matata ta ce ba za ta iya da ni a gida daga safe har yamma ba, sai na koma zaman shagon Auta, 'yata ta ƙarshe. Gyaran kwamfuta take yi, amma duk benen nan Mai Bin Sawu suke kiranta, don in abu ya ɓace a cikin na'ura, ko wani ya shiga inda ba a aike shi ba, ita ake kira ta faɗi ta inda ya bi. Lokacin da ta fara, ni ne na ce mata wannan ba sana'a ba ce, har na ƙi zuwa ranar da aka ba ta takardar shaidar gama karatu. Yanzu ga ni kullum ina shan shayinta. Ba mu taɓa tayar da zancen ba, ni da ita.

Muka sauka. Shagon buga takardu ya cika da jama'a: mai gadi, mai sayar da tabarau, telan da ke gindin matakala da almakashi a hannunsa. Mai Shago na tsaye gaban kwamfutar da ke lungu, ya ɗora hannu biyu a ka. Sakatariya, matar da ke masa aikin bugu, ta kifa kai a kan tebur.

"Littafin Hedimasta," in ji Mai Shago. "Babi goma sha uku. Duka! Bairos ya cinye."

Na san abin da wannan ke nufi. Hedimasta shekara talatin da biyu yana shugabancin makaranta. Da idonsa ya yi rauni, sai ya riƙa zuwa nan kowace safiya, ya zauna kusa da Sakatariya, yana faɗa tana bugawa. Wata goma sha ɗaya suna wannan aiki. In ya gaji yakan fito mu zauna a benci mu zagi gwiwoyinmu tare. Sati uku da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya tafi da harshensa gaba ɗaya. Ranar Juma'a za a kai littafin maɗaba'a. Ba takarda, ba rubutun hannu, kuma bakin da ya faɗi labarin ba zai sake faɗa ba.

Auta ta ce, "Ba ku da wani kwafi?"

Mai Shago ya nuna mata allon da ya manna a bango da manyan haruffa: BA A SA FILASH A KWAMFUTAR NAN. Shekara shida yana alfahari da wannan doka ta hana soka ɗan abin nan na ɗaukar bayanai. A ganinsa in ba abin da ya shiga, ba abin da zai lalace, don haka bai taɓa ajiye kwafin komai a ko'ina ba.

Muna cikin haka babban ɗan Hedimasta ya shigo, wanda kowa ke kira Lauya. Tun da uban ya kwanta, shi ke turo shi a keken marasa lafiya kowace rana, ya zauna a gaban kwamfutar yana duba kurakurai. Ya buɗe babi ɗaya, fari fat. Ya buɗe na biyu, fari fat. Ya miƙe ya gyara kwat ɗinsa.

"Jiya ƙarfe ɗaya muka bar nan, komai lafiya lau," in ji shi. "Na ba ku zuwa yamma. In ba a fito da wanda ya yi wannan ba, da 'yan sanda zan dawo."

Ba a ma jira yamma ba. Tela ya ɗaga almakashi ya nuna sama. "Gardama mai gyaran waya ne! Ba shi ya ce zai nuna wa duniya a aikace ba?"

Kowa ya ɗauka: Gardama ne, Gardama ne.

*

Auta ta nufi kwamfutar. Ta kore mutane baya, ta zauna, ta zuba wa allon ido ba tare da ta taɓa komai ba, kamar yadda nake tsayawa in saurari inji kafin in ɗauki sifana. Sunayen babukan suna nan a jere, amma kowanne an liƙa masa sifiri uku a wutsiya. A gefe guda antibairos, wato manhajar da ke gadin kwamfuta, ya fito da jan gargaɗi: ya kama wani bairos mai dogon suna, haruffa da lambobi. Ta danna inda aka rubuta ƙarin bayani, ta karanta mana a fili.

"Wannan bairos yana shiga ta filash. Yana share duk abin da ke cikin takardun foldar da aka buɗe ƙarshe, ya bar su fanko, sannan ya ƙara sifiri uku a ƙarshen sunan kowace."

"To kin gani!" in ji Mai Shago. "Daidai wa daida. Ba ragi ba ƙari."

"E," in ji Auta. "Ba ragi ba ƙari."

Na san wannan muryar tata. Da ita takan ce mini "to Baba" in na gaya mata na sha magani alhali ban sha ba. Ta ɗauki hoton allon da wayarta, ta kwafi wasu abubuwa, ta ce kada kowa ya sake taɓa kwamfutar.

*

Shagon Gardama na ƙarshen baranda a sama, wuri ne da mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Gyaran waya yake yi, amma babban aikinsa musu. In ka ce masa ina kwana, sai ya tambaye ka da wane agogo. Muka same shi ya haɗa kai da gwiwa, waya a hannu.

"Baba Makanike, sun kashe ni," in ji shi.

Na ce, "Ka kwantar da hankalinka, 'yan sanda ba su zo ba tukuna."

"Wa ke zancen 'yan sanda? Duba nan!"

Ya miƙo wayar. Ashe akwai wani dandali a intanet inda masu gyaran na'urori ke haɗuwa. Sati uku da suka wuce Gardama ya rubuta a can cewa bayanin da kamfanin antibairos ya yi a kan wannan bairos ƙarya ne tsagwaronta. Ya ce bayanin wani tsohon bairos suka kwafo suka manna wa wannan saboda sunayen sun yi kama, kuma shekaru ke nan ba wanda ya gyara. Aka yo masa ca. Sharhi ya haura ɗari huɗu. Wani ya ce, kai wane ne da za ka gyara wa kamfani mai injiniyoyi dubu? Wani ya ce ya koma canjin batir. Wani mai kiran kansa Farfesa ya riƙa kwafo masa bayanin kamfanin yana mannawa, sau tara, kamar yawan maimaitawa ne zai mayar da shi gaskiya. Da kan Gardama ya ɗau zafi sai ya rubuta, "Zan nuna muku a aikace." Wannan layin ne tela ya gani.

Yau kuma mai tabarau ya ɗauki hoton babukan Hedimasta ya tura dandalin. Farfesa ya rubuta a ƙasa, "Ina mai musu? Fito."

Auta ta ce, "Me kake nufi da a aikace?"

"Bidiyo zan yi mana! Ina da shi a kulle." Ya jawo durowa ya fito da filash da aka naɗe da jan salatif. "Mu nan Labule muke kiransa. Ba ya cin komai, wallahi ko waƙafi ba ya ci. Labule kawai yake ja. In ya shiga filash sai ya ɓoye foldoji, ka duba ka ga wayam, ka fara kuka, alhali kayanka na nan a bayan labule. Takardun cikin kwamfuta kuwa ko kallonsu ba ya yi. Na cire shi a filash ya fi ɗari biyu."

"Ka shiga shagon ƙasa jiya?"

"Sau ɗaya, wajen ɗaya da rabi, aron abin liƙe takarda. Ba kowa sai Lauya a gaban kwamfuta, tsohon yana gyangyaɗi a kekensa. Na yi sallama bai ma amsa ba. Na ɗauki abina na fito."

Da muka fito na ce, "Auta, yaron nan ya san bairos ɗin nan da yawa. Ga shi ma yana ajiye da shi a durowa."

"Baba, sati uku yana rantsuwa cewa abin ba ya cin takarda. Sai kuma ya sauko ya sa shi ya ci takarda, don Farfesa ya yi masa dariya? Gardama zai yarda a ɗaure shi, amma ba zai yarda a ci shi a musu ba."

Gaskiya ce kuwa, sai na bi ta muka wuce.

*

Sakatariya muka samu a matakalar baya, inda ake ajiye fankon kwalaye. Mace ce mai kamun kai, bazawara da 'ya'ya uku, shekara tara tana shagon. Auta ta zauna kusa da ita a kan siminti.

"Yaya, antibairos ya ce da ƙarfe goma da kwata na safiyar jiya ya ga bairos ɗin. Ta filash ya shigo. A lokacin ke kaɗai ce a kan kwamfutar."

Sakatariya ta fashe da kuka. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da wani ɗan shuɗin filash.

"Ni ce. Ni na karya doka. Ni na kashe wa Baba Hedimasta littafinsa."

A hankali labarin ya fito. Kwana ɗaya kafin ciwo ya kama Hedimasta, an ɗauke wuta a benen. Ya ce mata akwai babi na goma sha huɗu, kuma ba zai iya jira ba, ta ɗauki muryarsa a waya. Ya sa ta yi alkawari ba wanda zai gani sai ranar kai wa maɗaba'a. Ta buga shi a gida, a kwamfutar maƙwabciyarta, ta zuba rubutun da muryar duka a filash don wayarta ta cika. Jiya da Mai Shago ya leƙa waje ta soka filash ɗin. Jan gargaɗi ya fito. Ta duba filash, wayam. Ta zare shi da sauri ba ta gaya wa kowa ba.

"Na ce na rasa babi ɗaya, ashe duka na rasa. Yau zai kore ni, kuma ya yi daidai. Amma ba korar ce ke cina ba. Da wane ido zan kalli Baba?"

"Bayan kin zare filash ɗin, kin ci gaba da aiki?"

"Har ƙarfe ɗaya, na tafi cin abinci. Da na dawo takardun wata makaranta na yi ta ɗauka hoto har aka tashi."

"Kafin ki fita, littafin na nan?"

"Yana nan. Ni na buɗe wa Lauya inda ya tsaya."

Auta ta karɓi filash ɗin. "Je ki wanke fuska, Yaya. Kada ki ce wa kowa komai."

*

Akwai wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin teburin Auta, ba a haɗa ta da komai ba. Keji take kiranta. Ta kunna, ta rubuta takardu biyar na banza, ta sa wa ɗaya suna Gwiwar Baba, ta soka filash mai jan salatif da ta karɓo wurin Gardama. Muka zauna muna jira. Na sha shayi kofi guda. Ta kashe, ta kunna. Ta buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya. Gwiwar Baba na nan yadda take, ba sifiri ko ɗaya. Ta soka wani filash mai hotuna, nan take hotunan suka ɓace. Ta buga layin umarni guda, suka dawo reras.

"Gardama ya yi gaskiya," in ji ta. "Allah ya sa kada ya ji na faɗa."

Na ce, "To in bairos bai ci ba, wa ya ci? Ai abin da muka gani ya yi daidai da bayanin."

"Shi ne matsalar, Baba. Ya yi daidai da bayanin, bai yi daidai da bairos ba."

Nan take na gane, don na taɓa ganin irinsa. Wani direba ya taɓa kawo mini motar maigidansa da shi ya buga, yana lissafa mini alamomin lalacewar burki tsaf yadda suke a littafin kamfani. To wannan ƙirar motar ba haka burkinta ke lalacewa ba, littafin ne ya yi kuskure, duk makanike ya sani. Wanda ya karanta littafi ne kaɗai zai faɗi haka. Wani ne ya ga jan gargaɗin, ya karanta bayanin, ya yarda da shi, ya zauna ya yi wa bairos aikin da hannunsa.

Auta ta buɗe hotunan da ta ɗauka. "Kwamfuta na rubuta lokacin da aka taɓa kowace takarda. Bairos da zai yi wannan, cikin ƙiftawar ido zai gama duka sha ukun. Duba nan. An buɗe bayanin ɗaya da minti shida. An soka wani filash, ba na Sakatariya ba, ɗaya da minti goma. An share babi guda ɗaya da kwata. Sai shiru, minti goma sha tara. Sannan sauran sha biyun, ɗaya bayan ɗaya, kusan minti guda-guda."

"Wane babi aka fara sharewa? Na ɗaya?"

"Na bakwai. Baba, kuna hira da shi a benci. Me ke cikin babi na bakwai?"

Na sani, don Hedimasta ya taɓa ba ni labarin yana kallon ƙasa. Na gaya mata. Sannan ta soka shuɗin filash ɗin Sakatariya a keji, ta buga layinta, ta sa abin ji a kunne. Ina kallonta fuskarta ta canza.

"A kira su ƙarfe huɗu," in ji ta. "A ce wa Lauya ya zo da Baba Hedimasta."

*

Ƙarfe huɗu Auta ta sa mai gadi ya kori 'yan kallo, ta ja ƙofar shagon. Tela ya ji haushi ƙwarai. Muka rage mu bakwai: Mai Shago a bayan kantarsa, Sakatariya a tsaye jikin bango, Gardama yana ta karkaɗa ƙafa, Lauya riƙe da hannun keke, Hedimasta a ciki da bargo a cinya, sai ni da ita. Na kama hannun abokina mai lafiyar, ya matse nawa.

Auta ta ɗora keji a kan kantar shagon ta maimaita gwajin a gaban kowa. Gardama ya miƙe zai yi jawabi, na jawo shi ya zauna.

"Bairos ya shiga, gaskiya ne, kuma ta filash ɗin Yaya ya shiga," in ji ta. "Amma bai taɓa littafin ba, ba ya iyawa. Kamfanin ne ya rubuta masa laifin da ba nasa ba. Wani ya karanta, ya yarda, ya bi bayanin layi-layi, har da sifiri uku." Ta karanto lokutan. "Mai Shago yana can sayen takarda daga sha biyu da rabi zuwa biyu da rabi. Yaya ta fita ƙarfe ɗaya." Ta juya. "Ranka ya daɗe, ka ce ƙarfe ɗaya kuka tafi. Gardama ya gan ka ɗaya da rabi."

Lauya ya yi murmushin kotu. "Shaidar mutumin da ake zargi? Ke yarinya, kin san da wa kike magana?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Shi ya sa na rufe ƙofa. Babi na bakwai aka fara sharewa, aka zauna minti goma sha tara, sannan aka ga in shi kaɗai ya ɓace kowa zai gane. A duniyar nan mutum nawa ne babi na bakwai ya dama?"

Lauya ya saki hannun keken. Murmushin ya tafi, sai na ga fuskar wani yaro ɗan shekara goma sha biyar a saman kwat.

"Jiya na kai wurin," in ji shi. "Shafi goma sha ɗaya. Yadda takardun jarrabawa suka ɓace a ofishinsa. Yadda ya tara ɗalibai ɗari shida, ya kira ɗansa na cikinsa gaba, ya kira shi ɓarawo, ya kore shi, don a san ba ya son kai. Har yana yabon kansa. Ni kuwa ban ɗauka ba! Ban taɓa ɗauka ba! Shekara talatin da huɗu na haɗiye, ban ce masa komai ba, ina yi masa duk abin da ɗa ke yi wa uba. Yanzu kuma a buga shi kwafi ɗari biyar, 'ya'yana su karanta cewa ubansu ɓarawo ne?"

Wallahi tausayinsa ya kama ni, duk da na so in mare shi saboda matar da ya bari tana kuka tun safe. Hedimasta yana ta motsa baki, ba abin da ke fita.

Auta ta ce, "Ranka ya daɗe, babi goma sha uku ka gani. Akwai na sha huɗu. Yana cikin filash ɗin Yaya, bairos ya ja masa labule, kowa ya ɗauka ya tafi. Ga shi."

Ta danna. Sai muryar Hedimasta ta cika shagon, muryar nan mai kauri da ke sa yara su gyara tsayuwa, ga mai ita kuma a zaune baki a karkace.

"Babi na goma sha huɗu. Rubuta, 'yata, kada ki gyara mini ko harafi. A babi na bakwai na ba da labarin korar ɗana yadda na san shi a ranar, da irin girman kan da na ji a ranar, don mai karatu ya ga ko ni wane ne. Ga abin da ban faɗa ba. Bayan shekara huɗu masinjan ofishina ya zo ya durƙusa, ya ce shi ya ɗauki takardun. Ɗana bai taɓa su ba. Shekara talatin ke nan na sani. Na tara mutum ɗari shida na ci mutuncinsa, amma na kasa kiransa shi kaɗai a ɗaki in ce na yi kuskure. Kullum shi ke kawo ni nan da motarsa. Ina zaune a baya ina kallon ƙeyarsa, in ce yau zan faɗa, sai mu iso. To tunda a bainar jama'a na yi laifin, a bainar jama'a zan nemi gafara. Ɗana, ba ka yi sata ba. Ni ne na yi maka. Ka yafe wa ubanka."

Muryar ta tsaya. Sakatariya ta toshe baki da mayafi.

Lauya ya durƙusa a gaban keken. Hedimasta ya ɗaga hannun nan guda da ya rage masa, da ƙyar, ya ɗora a ƙeyar ɗansa, ya bar shi a nan. Ba zan ɓoye muku ba, na yi kuka, kuma ban ji kunya ba.

Can Lauya ya laluba aljihu ya fito da makullan mota. Akwai ɗan baƙin filash a jikinsu. Ya cire ya miƙa wa Auta ba tare da ya ɗago ba.

"Duka sha ukun suna ciki. Na kwafa kafin in share. Na so in jefa shi a kwata, na kasa."

"Na sani," in ji ta. "Ɗaya da minti goma."

Ya juya wajen Sakatariya. "Ki yafe mini, Yaya. Na bar ki da laifina." Sannan ya dubi Mai Shago. "A buga shi duka. Na bakwai ma, kada a cire ko layi."

Mai Shago ya share gumi, ya kalli allonsa na bango, ya kalli filash biyu da ke kan kantar waɗanda ba don su ba da ya shiga uku. Ya miƙa hannu ya ɓalle allon, ya ce wa Sakatariya gobe ta zo da wuri akwai aiki.

Gardama ya so ya zuba labarin duka a dandali. Auta ta ce bidiyon keji kawai zai sa, in ya ƙara kalma ɗaya ita da shi ne. Ya sa. Farfesa ya amsa cikin minti biyu cewa bidiyon haɗi ne, ya sake manna bayanin kamfani karo na goma. Har yau suna yi, kuma har yau kamfanin bai gyara ba.

*

Muna hawa matakala, Auta na gaba ɗauke da keji, ni ina baya ina jan gwiwa. Na tsaya a tsakiya. Ina kallon ƙeyarta.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Akwai wata magana. Ta ranar nan da aka ba ki takarda. Wata rana in mun zauna..."

Ta juyo, ta ajiye kwamfutar a kan matakala, ta zauna kusa da ita, ta share mini wuri da tafin hannu.

"Ga shi mun zauna, Baba," in ji ta.

Na zauna na faɗa mata.